An Taya Ni Goro Biyu a Rood Woko

Kafin in ba ku labarin Wagadugu, bari in tona wa kaina asiri, don idan ban faɗa ba wani zai faɗa, kuma gishirinsa ya fi nawa yawa. Cokali na tafi da shi. Cokalin ƙarfe na kicin ɗin Mama na zura a aljihun wando, na ƙetare teku da shi kamar laya. Mama ta ce a gidan Kawu da hannu ake ci, kwano ɗaya. Ni kuwa na san yadda miyar kuɓewa take bin hannuna har gwiwa ko a gida, sai na ce gara in tafi da makamina. Ku riƙe cokalin nan a ranku, zai dawo.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata sha shida, a Bronx aka haife ni, cikin birnin New York. Mama 'yar Zangon Wagadugu ce, kuma dokarta ita ce Turanci a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi, cikin gida sai Hausa. A makaranta kuwa sunana Ɗan Afirka, duk da ban taɓa taka ta ba. Da suka ji zan tafi karatun shekara guda a can, in koyi Faransanci, in gyara karatun Alƙur'ani, in san dangi, sai saƙonni suka taru. Wani hoton zaki yake so. Wata ta tambaye ni ko akwai wuta a can. Na yi wa kowa alkawari, har da mai son haƙorin giwa.

Mun tashi da asuba, ni da wata ƙawar Mama mai fataucin atamfa, wadda aka damƙa ni a hannunta kamar ƙunshin daddawa. A filin jirgi na'ura ta yi ƙara a kaina. Jami'in ya zaro cokalin, ya dube shi, ya dube ni, ya mayar mini. Mun yi zama a wani filin jirgin a hanya har ƙafata ta manta sunana, ita kuwa Hajiya ta yi barci a kan akwatunanta kamar kaza a kan ƙwai. Jirgi na biyu ya sauke mu da la'asar washegari. Filin jirgin Wagadugu a tsakiyar gari yake, kana saukowa kamar za ka shiga tukunyar wani. Ana buɗe ƙofa zafi ya rungume ni. Shi ne ɗan garin da ya fara yi mini maraba, kuma bai sake ni ba har na tafi.

Ban ga zaki ba. Babura na gani. Wallahi idan babura suna da ƙasarsu, Wagadugu ce hedikwata. Mata da jarirai a baya, tsofaffi da raguna a gaba, 'yan makaranta uku uku, wani ma da katifa a ka yana tuƙi da hannu ɗaya yana waya da ɗayan. Kawu, yayan Mama, ya ɗauke ni a koriyar tasi wadda ƙofarta da igiya ake rufewa. Muka bar kwalta muka hau jan titi, muka yi ta shiga lungu har muka tsaya a ƙofar wani gida mai bishiyar mangwaro a tsakar gida.

A nan cokali ya ci amanata. Na durƙusa zan gaida Kaka kamar yadda Mama ta koya mini, sai ya sulluɓo daga aljihu ya faɗi a siminti, ƙararsa kamar an buga ƙararrawar makaranta. Duk gidan ya juyo. Matar Kawu, wadda kowa yake kira Tanti, ta ɗauke shi da hannu biyu, ta ce, "Allah sarki, ai ba su iya ci da hannu ba."

Kaka ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan ne angon nawa? Da cokali ka zo neman aure? Koma ka kawo saniya."

Aka kawo mini zom-kom, ruwan gero mai sanyi da ake tarbar baƙo da shi, ga citta ga tsamiya. Ina cikin sha sai ga wani dogon yaro sa'ana ya shigo da babur har tsakar gida, kansa kamar gwanda. Ɗan Kawu ne. Bai ce sannu da zuwa ba. Cewa ya yi, "A'a! Bawana ya iso! Wa ya ce ka zauna? Tashi ka wanke mini babur."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, irin dariyar da ake yi wa likita mai allura.

Daga ranar aka raba ni da jama'a. Da yamma mazan gidan sukan zauna a tabarma su kewaye babban kwanon tuwo, ni kuwa an ajiye mini kujerar roba da ɗan tebur a gefe, da farantina, da cokalina an wanke shi yana ƙyalli. Su tuwo da miyar kuka, ni taliya da kifin gwangwani, wai cikin Ba'amurke ba ya ɗaukar tuwo. Ni da na girma a kan tuwon Mama! Na ce ina so, Tanti ta ce, "Kunya yake ji, yaron kirki." Ruwana na gora ne. Ɗakina ni kaɗai, da fanka, alhali yara huɗu suna ɗaki ɗaya. Idan na ɗauki tsintsiya sai a ƙwace kamar na ɗauki maciji. An mai da ni ƙwai, kuma ba wanda yake hira da ƙwai.

Mutum ɗaya ne bai san da wannan doka ba, mai kan gwanda. Shi yake goya ni a babur zuwa lakwal, haka suke kiran makaranta, yana zagina tun daga ƙofar gida har ƙofar aji. Hausata ta tsofaffi ce, wai kamar rediyon da aka manta a kunne tun zamanin kakanni. Tafiyata ta agwagwa ce. Ya cinye biskit ɗina, ya sa rigata ba tambaya. Kowace magana kuma da bawana take farawa. Shi ya kai ni wurin mai benga, wake da shinkafa da mai da yaji, wanda idan ka ci da safe sai magariba za ka tuna da yunwa. Matar ta ce dala arba'in. Na kusa suma, na ce dala arba'in wake? A Bronx ma ba a yi mini wannan fashin ba! Ya yi dariya har ya saki babur ya faɗi. Ashe dalarsu tamma biyar ce ta kuɗin sefa, duka kuɗin bai kai na cingam ba a wurinmu.

Amma kalmar nan tana cina a ciki. Ku da kuka girma a Amirka kun san abin da nake nufi. Mun zauna a ajin tarihi an nuna mana zanen jirgin ruwa da mutane jere kamar itace. Mun ga hoton dandamalin da ake tsayar da mutum a buɗe bakinsa a duba haƙora. A unguwarmu idan wani ya kira ka da wannan sunan, ba a tambayar dalili, jaka ake ajiyewa. Na yi ta haɗiyewa saboda ni baƙo ne.

Ran wata Asabar ya kai ni Rood Woko, babbar kasuwar gari. An ce ta taɓa ƙonewa aka sake gina ta. Ni dai ban ga alamar ta taɓa hutawa ba. Kafin ka shiga sai ka ratsa tekun babura da aka jera, kuma yadda kowa yake gane nasa wani ilimi ne da ba a koyarwa a lakwal. Ciki atamfa har rufi, takalma, wayoyi, turare, tukwane, ana ciniki da Mosanci, yaren garin, a ƙare da Faransanci a yi rantsuwa da Hausa. Muka je layin 'yan goro, wurin wani dattijo abokin Kawu. Sai ɗan Kawu ya kama wuyan rigata ta baya, ya tura ni gaba, ya ɗaga murya.

"Baba, na kawo haja! Bawa ne, ɗan Amirka, sabo fil. Ba ya noma, ba ya shara, sai ci da cokali. Nawa ka saya?"

Dattijon ya gyara hula, ya leƙa fuskata, ya ce, "Buɗe baki in gani." Sannan ya ce, "Goro biyu."

"Albarka! Ƙara ɗaya."

"Biyun ma don darajar uwarsa ne."

Layin gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Ni ban san lokacin da na fizge ba. Na ture shi ya faɗa kan huhun goro. Na yi ta ihu da Turanci, kalmomin da idan Mama ta ji sai ta wanke mini baki da omo. Ina kuka, majina da hawaye, a gaban kasuwa guda. Na fita a guje, na ɓata cikin babura, daga ƙarshe na tari koriyar tasi na ce ya kai ni unguwar Kawu.

Na faɗa wa Kawu komai, na ƙara gishiri, don ni ban iya labari ba gishiri ba. Da ɗansa ya dawo, Kawu ya tsayar da shi a tsakar gida gaban kowa. Ya karɓe makullin babur. Ya sa shi durƙusa a gabana ya ba ni haƙuri, yaron da ya girme ni da wata biyar. Abin da Kawu ya faɗa shi ne, "Ba ka da hankali? Wannan wasan namu ne. Su ba su san shi ba. Ba a yi da su."

A lokacin na ji daɗi, na ce an bi mini hakkina. Sai daga baya na lura da inda Kawu ya ajiye ni a cikin maganar. Akwai namu, akwai su.

Washegari ɗan Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofata, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ina kwana, Mushe. An tashi lafiya?"

Na ce to, ga sabon zagi, ya kira ni mushe. Ashe ba mushen da ungulu ke ci ba ne. Haka suke faɗin kalmar Faransanci ta girmamawa, wadda ake kiran malamin lakwal da babban ma'aikaci. Daga ranar ban ƙara jin wata kalma daga bakinsa ba sai ita. Mushe ya ci abinci? Mushe yana bukatar wani abu? Ya dawo mini da rigata a wanke a goge. Da aka mayar masa da makulli, Kawu ya riga ya ɗaukar mini mai tasi, ni kaɗai a kujerar baya kamar gawa.

A lakwal kuwa ni ne talabijin. Ranar farko aka ba ni ƙwallon kwando aka ja baya ana jira. Ni da tsawona bai wuce na tulu ba! Na jefa, ta bugi mai sayar da zoɓo a bayan katanga. Aka ce ɓoye gwaninta nake yi. Aka ce in yi waƙar gambara irin ta Amirka. Aka tambaye ni bindigata nawa, da ko gaskiya ne idan ka gaji da mota a titi kake barinta. Yaran unguwa suna bina suna kiran Nasara baƙi. A masallaci wani ya matso ya nuna mini yadda ake alwala, a hankali, kamar mai koya wa biri ɗinki. Da malamin allo ya ji na karanta sura ba tuntuɓe, sai ya kira maƙwabta su zo su gani.

Da farko ina gyara musu. Na ce gidanmu ɗaki biyu ne, Mama aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, ɓerayen jirgin ƙasanmu sun kai kyanwa. Ba wanda ya yarda, sai ɓerayen. Sai na ce to, tunda Ba'amurke kuke so, ga shi. Na ce gidanmu hawa ɗari ne, idan za ka sauko sai ka yi guzuri. Na ce a can karnuka ma suna da lauya. Na ce sanyi yana daskarar da magana a iska, sai bazara ake jin abin da mutum ya faɗa. Lokacin hutu da'ira ake yi mini, ana tafi. Ana kaɗa ƙararrawa kowa sai ya kama hannun abokinsa su tafi cin benga, ni in koma tasi. Ba wanda ya taɓa cewa in zo gidansu. Wa zai gayyaci mai hawa ɗari ɗakin da awaki ke leƙowa?

Na kira abokaina na Bronx. Suka ce, "Ina zakin?" Na ce yana barci. A can ni Ɗan Afirka ne, a nan Ba'amurke. Na lissafa, wurin da ya rage mini shi ne tsakiyar teku.

La'asar ta fi komai wuya. Ɗan Kawu da abokansa suna da fada a ƙofar gida, benci biyu da ɗan murhun shayi. Daga tagata ina jin su suna zagin juna da harshe uku suna dariya har da tari. Idan na fito sai a yi shiru, a miƙe, a share mini wuri mafi kyau, a ba ni kofin farko. Sai in shanye in koma, don su samu su ci gaba. Akwai wani ƙadangare mai jan kai da yake zuwa tagar. Na ba shi labarin gida mai ɗaki biyu. Shi kaɗai ya gyaɗa kai.

Wata rana na kira Mama na fashe da kuka. Ban gaya mata dalili ba, na ce dai ba zan iya ba, ta dawo da ni. Ta ce in ƙarasa zangon karatu na farko. Bayan sati ta aiko da hoton tikiti.

Da labarin tikiti ya shiga gida, Kaka ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ango, sakina za ka yi? To kafin ka tafi raka ni unguwa." Muka shiga tasi har tsakiyar gari, kusa da kasuwa. Ta sa aka tsaya a wani wuri mai dogayen benaye da filaye da aka kewaye da kwano, ciyawa ta fito a ciki. Ta nuna wani gefe da sandarta.

"Nan Zangwetin ce, tsohon Zangonmu. Nan ɗakina yake. Can rijiya. Inda motar nan take, nan aka binne cibiyar uwarka."

Ta ce kakanninmu fataken goro ne, nan suka sauke kaya suka zauna, har aka zo aka rushe unguwar aka watsa mutane gefen gari. Na tsaya ina kallon wurin ajiye motoci ina ƙoƙarin ganin Mama tana yarinya. Ban ga komai ba sai wani mai gadi yana cin gyaɗa.

Muka zauna a inuwa. Ta ce, "Kai ɗan wa ne?"

Na ce ɗan Mama.

"Shi fa mai kan gwandan?"

"Ɗan Kawu."

"Ɗan mace da ɗan namiji. Me ake kiransu?"

Na ce ban sani ba. Ta tafa hannu. "Uwarka ta koya maka gaisuwa ta manta da zagi! Taubasai ake ce muku. Taubashi ba ya gaida taubashi, kunya ce. Ya ce kai bawansa ne, ka ce shi ne naka, tun kafin a haifi kakata ake wannan gardamar ba a raba ba. Ya ci namanka, ka sace takalminsa. Ranar da ka mutu shi zai shiga ramin ya karɓe ka, yana zaginka wai ka yi nauyi. Dattijon goron nan ma, da ya ce biyu don darajar uwarka, tare suka yi wasan ƙasa a nan wurin. Shaida ya yi cewa ya san ɗan wa kake."

Na ce, "Kaka, a wurinmu kalmar nan ba wasa ba ce." Na ba ta labarin jirgin ruwa da dandamali. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A nan ma an yi, ba ƙarya ba ne. Ciwonka gaskiya ne. Amma yaron nan tun da aka ce za ka zo yake tara zagi kamar mai tara kayan aure. Duk gidan shi kaɗai ya karɓe ka a matsayin ɗan gida, kai kuma ka sa aka durƙusar da shi."

"To in ba shi haƙuri?"

"Haƙuri? Ka ƙara kashe shi ke nan. Zaginsa za ka yi."

Na fara da takalmi. Na ɗauke sababbin takalmansa daga ƙofar ɗaki na sa, na yi ta kai da kawo a gabansa kamar zakara. Ya duba, ya shiga ɗaki, ya fito da wasu, ya ajiye a gabana. "Ko Mushe zai fi son waɗannan?" Na ɗauke naman da Tanti ta ajiye masa na cinye a idonsa. Ya kawo mini ruwan wanke hannu. Wallahi gara mari. Na tsaya gaban madubi na gwada cewa kai ne bawana, harshena ya ƙi. Har yau bai yarda ba.

Saura kwana kaɗan in tafi, na fito fada da la'asar. Aka yi shiru kamar kullum, aka share mini wuri. Ɗan Kawu ne yake dafa shayi. Ya zuba kofin farko, ya miƙo da hannu biyu. "Bismilla, Mushe."

Ban shirya ba, bakina ne ya yi gaban kansa. Na ce, "Wai wane ne mushen? Kai ne mushe. Mushen jaki ma, na bakin kwalbati, wanda ungulu ta sauko ta duba kan nan naka ta ce ita ba ta cin gwanda."

Ba wanda ya motsa. Ina jin tafasar shayi. Wani daga cikin abokan ya toshe baki da hula. Ɗan Kawu ya dube ni, kofin yana hannunsa. Na ga gefen bakinsa yana rawa. Sai ya janye kofin ya shanye da kansa.

"Ku ji mini ɗan cokali," ya ce. "An taya shi goro biyu, yanzu na gane an yi wa mai goro tsada. Tashi daga wurin manya, je ka ɗebo gawayi."

Fadar ta fashe. Wani ya faɗo daga benci. Na tashi na ɗebo gawayi, hannuna baƙi ƙirin, ban taɓa jin daɗin aike irin na ranar ba. Da na dawo an cinye wurina, sai a ƙasa na zauna, kuma kofin ƙarshe aka ba ni, wanda ya zama ruwan sukari.

Da yamma ya ɗauke kujerar roba ya ɗora a kan katanga, ya ja ni tabarma. Tanti ta fara salati, Kaka ta ce a bar mata angonta ya ƙone. Na kuwa ƙone. Tuwon ya fito daga wuta, na zura yatsu kamar jarumi, na yi ƙara har akuyar maƙwabta ta amsa. Miya ta bi hannuna har gwiwa. Kawu ya turo mini tsoka gabana, ɗansa ya sace ta kafin ta iso.

Na kira Mama na ce na fasa, zan ƙarasa shekarar. Ta ce, "Kai ka yi kuka, ni na saya. An riga an mayar da sunanka makarantar nan. Tikiti ba taubashinka ba ne, ba ya wasa." Da na ba ta labarin kasuwa ta yi dariya, sannan ta ce laifinta ne.

Kwanakin da suka rage a bayan babur na yi su. Ya kai ni Larle, tsohuwar unguwa, muka ci gasasshiyar kazar da suke kira mai keke, don tsabar gudun da ta yi a duniya naman sai ka yi kokawa da shi. Ya nuna mini wani Bamoshe da wani Basamo, tsofaffi biyu 'yan ƙabilun da ke wasa da juna, suna zagin kakannin juna a bakin shago suna raba goro ɗaya. A hanyar dawowa na ba shi labarin ajin tarihi, ina magana da ƙeyarsa. Bai juyo ba. Can ya ce, "Da ka faɗa tun farko." Muka wuce wasu shaguna, sannan ya ƙara, "Na fasa sayar da kai. Ba mai saye."

Abin da na koyo ba shi da yawa. Kowa ya riga ya ɗinka mini riga kafin in iso, na can da na nan, ni ma kuma da tawa rigar na zo musu, da cokali a aljihunta. Idan aka ba ka kujera kai kaɗai, ka duba da kyau ko girma ne ko katanga. Idan kalma ta yi maka ciwo, ka faɗa wa mai ita kafin ka faɗa wa babansa.

Mun sauka New York da sanyin safiya, ni da Hajiya mai atamfa da akwatunanta da suka haihu a hanya. Ranar Litinin a makaranta aka ce Ɗan Afirka ya dawo, ina hoton zaki? Na nuna musu ƙadangare.

Shekara aka tura ni, zango ɗaya na yi. A cikinsa kwana huɗu na ci a kwano ɗaya da mutanen gidanmu. Taubashina bai ƙara kirana bawa ba, kuma bai ƙara kirana Mushe ba. A filin jirgi ya zura hannu a aljihuna ya zare cokalin, ko sallama bai yi mini ba. An ce da shi suke zuba sukari a fada.